Mai Sayar da Mintuna

A Misfala, bayan shagon Bayamanen nan mai gasa gurasa,
ana ɗaga masaukin alhazai, hawa goma sha ɗaya.
Ni ne mai gilashi, sunana Sallau.
A Makka aka binne cibiyata,
kakana ne ya zo da ƙafa, bai koma ba.

Abu Mish'al mai ginin ya baza takardu kan bokitin fenti,
ya ce, "Sallau, gilashi ai gilashi ne.
Wannan riyal metan, wancan dubu da ɗoriya,
kuma duk biyun ina hango fuskarka ta ciki.
Me zan saya da ragowar?"
Na ce, "Mintuna."

Na jingina masa uku a jikin bango.
Na fari ɗan gayu ne,
wuta na hura masa numfashi zai zube kamar sukari.
Na biyu zai tare harshenta, ya tare hayaƙi,
amma zafi na ratsa shi,
mai wucewa ya gasu kamar tsire a gefen garwashi.
Na uku ɓawo kan ɓawo ne irin na albasa,
da wani ruwa mai kauri kwance a tsakani.
In zafi ya taso sai ya kumbura, ya yi fari fat,
ya makance
don mutanen da ke bayansa su ga matakala.

Na nuna masa hatimin da ke kusurwa,
bai kai ƙwayar dabino ba: sittin.
Jami'an kashe gobara ba sa duban shemaginka,
wannan suke durƙusawa su karanta,
su duba firam, su duba roba, har ƙusoshi,
don ba a rataya ƙyauren ƙarfe a dangar kara.

Ya rage murya. Wai akwai wani a Jidda
mai buga hatimi a kan duk abin da aka kai masa.

Ban yi masa wa'azi ba.
Na sauka bakin titi wurin Inna Zulai mai shayi,
wadda gwiwoyinta suka riga ta tsufa.
Muka hau da ita lif ɗin siminti har can ƙoli,
na ce, "Inna, sauka mana ta matakala."
Ta ce ni da shi duk ba mu da aikin yi.
Ta kama ƙarfe, ta soma.

Hawa na tara, ta tsaya.
Na bakwai, ta zauna, ta yi salati, ta tambayi ruwa.
Na huɗu, takalminta ya zame, na ɗauko mata.
Abu Mish'al na biye, idonsa kan agogo.
Minti ashirin da shida.

Na ce, "Ita kaɗai ke nan, da rana tsaka.
Ba hayaƙi, ba turereniya,
ba wanda ya koma ɗauko fasfo,
ba tsohon da ya ƙi sakin jarkar zamzam.
Yanzu zuba mutum ɗari bakwai a bayanta."

Ya daɗe yana kallon Inna tana murza gwiwa.
Bai ce na yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne.
Ya ce dai, "Ka rage mini a kuɗin aiki."
Na rage.

Ranar da aka kawo su, mutum shida ke ɗaukar ɗaya.
Na zaunar da kowanne cikin firam ɗinsa,
hatimi na kallon waje,
na goge sawun yatsunmu da tsohon rawani.
Ta cikinsa ana hango hasumiyar agogo, tar,
kamar babu komai a wurin.

Haka nake so.
Ya Allah, ka sa ya tsufa ba a san ko shi wane ne ba,
yara su dangwala masa hanci,
mai shara ya yi ta mitar ƙurarsa,
mintunan nan sittin su zauna a kulle
har a rushe ginin,
ba a taɓa ko ɗaya ba.